In Lokaci Ya Tsallake Sha Biyu

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Malamar su Auta ta tare ni a ƙofar firamare da na je ɗaukarta. Ta ce ƙanwata tana karanta agogo daidai, amma da an tambaye ta tsawon lokacin da ke tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza sai ta rikice. Za su yi gwaji nan da mako uku, kuma ta ji an ce ina ƙoƙari a lissafi a sakandarenmu, don haka in taimaka mata a gida. Na sunkuyar da kai na ce to. Sai ta tambayi Baba, wai ta kwana biyu ba ta gan shi ba. Na ce ya yi tafiya.

Haka Umma ta ce mu riƙa cewa. Baba direban babbar mota ne, kowa ya saba da tafiyarsa. Auta kuwa an gaya mata motar ce ta lalace a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu, yana can yana jiran kayan gyara. Shekararta takwas. Umma ta ce ko da wasa kada in bari ta ji wani abu daban, don kanta ba zai ɗauka ba, bakinta kuma ba zai riƙe ba.

Na duba littafin aikinta na ga matsalar. An tambaye su daga takwas da minti arba'in zuwa goma da minti goma. Ta jera lambobin sama da ƙasa ta ɗebe kamar sauran lissafi, ta rubuta awa ɗaya da minti saba'in. Na ce mata babu minti saba'in a agogo. Ta ce to ina sauran goman suka tafi?

Na yi dariya. Tun ranar da abin ya faru ban yi ba.

Talata, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Na yanka murfin kwalin sabulu na zana agogo a kai, na yi masa hannuwa da tsinken tsintsiya. Mun zauna a baranda. Ba mu daɗe ba sai ga 'yar telan da ke ɗakin gaba, wadda duk gidan hayar nan ake kira Rediyo. Ajinsu ɗaya da Auta. Tana zama ta ce gajeren hannun agogo malalaci ne irin yayanta, dogon yana ta zagaye yana wahala shi kuwa da ƙyar yake matsawa, kuma shi ake fara ambata.

Na koya musu yadda Baba yake yi in yana lissafin isarsa wani gari. Ba a ɗebewa, tsalle ake yi kamar kwaɗo. Daga inda kake ka yi ƙaramin tsalle zuwa cikar awa, sannan manyan tsalle awa-awa, sannan ƙaramin tsalle na ƙarshe, sai ka haɗa. Daga takwas da arba'in zuwa tara, minti ashirin. Tara zuwa goma, awa ɗaya. Ga minti goma a kai. Awa ɗaya da rabi.

Auta ta zana layi da alli a kan siminti tana tsallen da ƙafafunta. Rediyo ta dage cewa malama ba haka ta koya ba. Auta ta ce Yaya ta ce haka ne, ta ci gaba da tsallenta, ko juyowa ba ta yi ba. A wurinta in na faɗi abu an gama magana. Har yau ta yarda cewa in ta haɗiye ƙwallon lemo bishiya ba za ta fito mata a ciki ba, don kawai ni na gaya mata.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Kawu ya kawo baƙar leda. Bel ɗin Baba ne a ciki, da wayarsa, da igiyoyin takalminsa. Umma ta tura ta can ƙarshen ƙarƙashin gado.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Ta kama abin, har ya yi yawa. Yanzu babu abin da Auta ba ta aunawa da agogon bangon falo. Ta sanar da ni na yi minti ashirin da biyar a banɗaki da safe. Ta ce wuta ta ɗauke awa uku da kwata. Ta gaya wa tela cewa ya ce wa wata mata ta ba shi minti biyar, amma matar ta zauna awa ɗaya da minti goma, kuma a gaban matar ta faɗa. Tela ya ce in janye 'yar sandar agogon nan daga ƙofarsa kafin ta kore masa masu kawo ɗinki.

Umma ta dawo daga gidan burodi da gari a gashin girarta. Tun asuba take fita yanzu, ta karɓi aikin safe don ta samu ta dawo ta yi girki ta kai can kafin azahar. Da Auta ta taso daga makaranta ta tare ta da lissafin awannin da ta yi a wurin aiki. Umma ta shafa mata kai ta ce ai ƙafafunta sun riga sun gaya mata.

Na ji daɗi yau. Ina rubutawa don in tuna cewa na ji daɗi.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Ranakun makaranta Auta ba ta gida lokacin da Umma take fita da kular abinci. Yau tana nan. Ta tambaya ina za a kai, Umma ta ce tasha za ta, akwai direban da zai bi ta garin da Baba yake, shi zai kai masa. Ta fita.

Da ta dawo ta zube a kan tabarma ko mayafi ba ta cire ba. Ta buɗe kular, sai ga yankan nama guda ɗaya an ajiye a gefe. Haka Baba yake yi tun Auta tana rarrafe, duk abin da ya ci sai ya bar mata naman ƙarshe. Umma ta miƙa mata kular idonta a lumshe ta ce:

"Ungo, Babanki ya bar miki."

Na ga Umma ta buɗe ido bayan ta faɗa. Na ga ta gane. Amma Auta ta riga ta karɓa tana murna, ta fita baranda da shi.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na yamma

Dole in rubuta wannan yadda ya faru.

Ina goge kayan makaranta Auta ta shigo da littafinta ta ce in duba mata wani lissafi da ta yi wa kanta. Umma ta fita sha ɗaya da minti ashirin, ta dawo biyu saura minti goma. Ta zana layin, ta zana tsallen. Minti arba'in zuwa sha biyu, awa ɗaya zuwa ƙarfe ɗaya, minti hamsin a kai. Awa biyu da rabi. A ƙasa ta cire rabin awa, ta ce na cin abinci ne, don Baba ba ya ci da sauri. Saura awa biyu. Ɗaya zuwa, ɗaya dawowa.

"Yaya, Baba ya ci daga kular nan, kuma ta dawo yau. Kenan awa ɗaya ne tsakaninmu da shi. Me ya sa ba ya zuwa?"

Ban koya mata cirewa da rabawa a wannan darasin ba. Ita ta haɗa da kanta. Da wani lokaci ne da na ɗaga ta sama.

Umma tana ɗaki, ƙofa a buɗe, na san tana ji. Dutsen guga yana hannuna. Na ajiye shi, na ɗauko jan birona, na ja layi a kan amsar. Na ce ba daidai ba ne. Na ce in lokaci ya tsallake sha biyun rana tsallen kwaɗo ba ya aiki, akwai wata ƙa'ida daban, ta manyan aji, ba su zo wurin ba tukuna. Ban san daga ina maganar ta fito min ba. Ta fito sumul kamar na karanta a littafi.

Ta daɗe tana kallon jan layin. Ta ce to nawa ne amsar? Na ce tana da yawa, zan nuna mata wata rana. Ta ce to, ta rufe littafin.

Ba ta yi gardama ba ko kaɗan. Da ma ta yi.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Umma ta wuce ni a tsakar gida ta taɓa kafaɗata. Ina jin godiya ce. Ban so ba.

Talata, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Auta ta kawo agogon kwali ta ce in koya mata ƙa'idar sha biyu. Na ce ina da aikin gida da yawa. Ta zauna a gefena tana jira har na gama, sai na ƙirƙiri wani. Daga baya na ba su tambayoyi ita da Rediyo, na zaɓi na safe zalla, bakwai zuwa tara, takwas zuwa sha ɗaya, duk inda ba za a kusanci sha biyu ba. Duk ta ci. Rediyo ta ci rabi, ta ce sauran agogon ne ya karkace.

Kawu ya zo da yamma. Sun yi magana da Umma ƙasa-ƙasa a bakin murhu. Ya je gidan mutanen da haɗarin motar ya shafa karo na biyu, ba su buɗe masa ƙofa ba. Umma ta ce ba ta ga laifinsu ba, in ita ce ma ba za ta buɗe ba. Sai ta ga ina tsaye da bokiti, ta ce in je in ga ko famfo ya kawo.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ina aji, malamin bai shigo ba. Yau ne zaman kotu. Jiya Umma ta goge wa Baba farar rigarsa sau biyu, ta naɗe ta a jarida.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

An ɗage. Lauyan ya ce haka ake yi, kada mu damu. Umma ta dawo ta kwanta fuskarta a bango.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Malamin lissafinmu ya kira ni allo yau, na tsaya da alli a hannu na kasa tambayar da na iya tun bara. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ƙawata ta ce na rame. Na ce karatu ne.

Ina ta tunanin hanyar da zan gyara ba tare da na taɓa maganar Baba ba. In na ce mata babu wata ƙa'idar sha biyu, amsarta ta dawo daidai. In amsarta ta dawo daidai, Baba yana nan kusa ya ƙi zuwa. In na ce ba ƙi ya yi ba, sai ta ce to me ya hana shi. Duk ta inda na bi, nan nake fitowa.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta zauna a falo tun da Umma ta fita, ba ta je wasa ba. Ba ta ɗauki fensir ba, amma ina ganin leɓɓanta suna motsi duk lokacin da ta ɗaga kai ta kalli bango.

Umma ta dawo. Wannan karon ta yi dabara, ta ce direban ne ya dawo da kular jiya, ita ta karɓo. Auta ta sa tafin hannu a cikin kular ta bar shi a can. Ban san me take ji ba sai da ta ce da ɗumi. Umma ta ce rana ce ta buga ta a hanya.

Naman yana nan a gefe. Ta ɗauka ta fita, na hango ta ba Rediyo. Rediyo ta cinye tana ba da labarin wata akuya.

Da yamma ina tsefe mata kai, tana zaune tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, sai ta ce yau ma awa biyu da rabi ta samu, da 'yan mintoci. Na ce ai na gaya mata. Sai ta ce:

"Gara dai a ce ni ce ban iya ba. Ko, Yaya?"

Na ce ta daina motsi, tana sa ina ja mata gashi.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na je can. Umma ta ce ya tambaye ni, ta bar Auta a wurin matar tela, wai za mu kasuwa.

Bas biyu ake hawa. Daga inda ta biyun take saukewa sai a bi gefen wata doguwar katanga, babu inuwa. Mata ne suka fi yawa a layin, kowacce da kularta, kuma babu mai kallon fuskar wata. A taga ta farko aka karɓi wayar Umma aka ba ta wani ɗan katako mai lamba. A tebur na biyu wani mutum ya buɗe kular ya jujjuya abincin da dogon cokali har ƙasa, sannan ya ce Umma ta ɗanɗana. Ta ɗanɗana. Ta saba, har ta miƙa hannu kafin ya faɗa. Cokalinmu ya ajiye a gefe, ba a shiga da shi.

An aske wa Baba kai. Rigar ta yi masa yawa. Akwai benci a tsakaninmu da wani mutum a tsaye a bayansa yana kallon agogon hannunsa. Na shirya maganganu a bas, da na gan shi duk suka gudu. Na gaishe shi kawai na kalli ƙasa.

Da hannu ya ci, da sauri, ba kamar yadda yake ci a gida ba. Yana ci yana tambayar Auta. Umma ta ce ina koya mata lissafin lokaci, da hanyarsa. Fuskarsa ta buɗe. Ya ce yarinyar nan kanta yana ja, in ta kama abu ta kama, kada in bari kowa ya rikita ta da ɗebe-ɗeben nan na sama da ƙasa. Ya ture naman ƙarshe gefe da yatsa ya rufe kular. Ya ce tana ci kuwa?

Na ce tana ci.

Mutumin ya ce lokaci ya yi. A bas Umma ta ce na zauna kamar an ɗinke min baki, alhali mako guda yana jiran ganina. Gaskiya ta faɗa. Kalma biyar ko shida na yi masa, kuma a ciki har da ƙarya.

Talata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na gwada yi wa Umma magana. Tana jiƙa ƙafafunta a roba. Na ce Umma, gwajin su Auta jibi ne, kuma abin da na gaya mata ranar nan ba daidai ba ne. Ta ce ta sani, ta ji. Na ce ko za mu gaya mata. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce in Auta ta sani da safe, kafin tashi daga makaranta Rediyo ta sani, kafin magariba layin nan gaba ɗaya ya sani, kuma ita ce za ta bi ta gabansu kullum da kula a hannu. Ta ce gwajin aji uku ne, ba a mutuwa don an faɗi. In Baba ya fito sai a gyara komai.

Na ce yaushe? Ba da rashin kunya na tambaya ba, amma haka ta ji shi. Ta ce in kwashe robar in zubar da ruwan.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Bitar ƙarshe. Rediyo ta kawo tambayar da malama ta ba su, daga sha ɗaya da rabi zuwa ɗaya da kwata. Ta yi tsallenta ta samu awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Auta ta ce mata ba a yin tsalle a kan sha biyu. Suka juyo gare ni su biyu. Na ce ana kirana a ciki. Babu mai kirana.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Sun yi. Na tambayi Auta yaya gwajin, ta ce oho.

Juma'a, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Malama ta sa aka kira ni cikin ajin bayan yara sun fita. Auta tana waje a kan dakali. Malama ta shimfiɗa takardar gwajin a kan tebur ta ce in matso.

Tambaya goma ne. Huɗu na safe ne, duk ta ci. Shida sun tsallake sha biyu, don malama ta ce nan ne yara suka fi faɗuwa, shi ya sa ta yawaita su. A duk shidan Auta ta zana layinta, ta yi tsallenta, ta rubuta amsa, sannan ta goge. Ta goge da ƙarfi har takardar ta huje a wuri biyu. Malama ta ɗaga ta wajen taga, ana ganin sawun fensirin. Duk shidan daidai ne.

Ta ce ta tambayi Auta dalili, ta ce Yayarta ta gaya mata akwai wata ƙa'ida ta sha biyu da ba a koya musu ba. Malama ta ce shekararta goma sha a aji, ba ta taɓa jin wannan ƙa'idar ba, ko zan koya mata ita ma? Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta jira. Na kalli hujin takardar.

Ta ce yarinyar da ke fara ɗaga hannu a ajinta yanzu ko an kira ta sai ta ce ba ta sani ba, kuma ba a lissafin agogo kaɗai ba. Ta ce ba ta san me ke faruwa a gidanmu ba, ba za ta tambaya ba, amma in an rasa inda za a ajiye kaya kada a ɗora a kan yaro.

Na gode mata na fito.

Rediyo ta ci bakwai. Tun daga ƙofar makaranta har gida take sanarwa.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Na gaya mata.

Bayan Umma ta fita na kira Auta ɗaki na tura ƙofa. Na ce ta zauna. Na fara da Baba, don shi na ɗauka zai fi wuya. Na ce wani abu ya faru a kan hanya da motarsa, ana bincike, kuma har a gama an ajiye shi a wani wuri a cikin garin nan. Na ce ba ƙin zuwa ya yi ba. An rufe ƙofa ne, kuma makullin ba a hannunsa yake ba. Na ce na gan shi, ita ya fara tambaya.

Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Ta tambaya ko yana da bargo. Ta tambaya ko ana barinsa ya ga rana. Ta ce in an buɗe zai zo? Na ce a guje ma. Har ta ɗan yi murmushi. Ban taɓa zaton irin wannan labarin zai sanyaya wa mutum rai ba.

Sai ta koma wasa da bakin zanen gado.

"Kenan awa biyu da rabi ne."

"Awa biyu da rabi ne."

"Babu ƙa'idar sha biyu."

"Babu."

"Da kika sa min jan biro, kin san daidai ne?"

Na ce na sani. Na fara bayani, Umma, da mutanen layi, da cewa don ita na yi. Ta bar ni na gama. Ba ta yi fushi yadda na saba gani ba, babu ihu, babu shure-shure. Ta sauka daga gadon ta ce ba za ta gaya wa Rediyo ba, ta buɗe ƙofa ta fita.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Umma tana shigowa Auta ta karɓi kular ta ce gobe a kai wa Baba bargonta mai zanen fure, ita ba ta jin sanyi. Umma ta tsaya cak. Ta dube ni ta saman kan Auta. Sannan ta durƙusa ta rungume ta, suka daɗe a haka. Ni ina bakin ƙofa.

Har yanzu Umma ba ta yi min magana ba, sai aike.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na je wurin malama da kaina, na roƙe ta ta sake ba Auta tambayoyin. Ta ce maki ya riga ya shiga, sai dai za ta kira ta allo gobe ta yi ɗaya a gaban aji.

Rediyo ba ta san komai ba. Auta ta riƙe bakinta fiye da yadda duk muka zata.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ta yi a allo, ta ci. Daga bakin Rediyo na ji.

Alhamis, ƙarfe biyu da rabi na rana

Ba mu da makaranta yau, malamai suna taro. An sa sabuwar ranar zama, wata mai zuwa.

Auta ta yi aikin gidanta a baranda, ta kare littafin da hannu. Na zauna kusa na ce in duba mata, ta ce ta gama. Ba ta gama ba, na ga rabin shafin babu komai. Daga baya na ji ta a ɗakin gaba tana tambayar tela bakwai sau takwas, shi da ko teburin lissafi sai ya ƙirga da yatsu. Tana gaishe ni da safe, tana cin abin da na zuba mata, in na aike ta tana zuwa. Babu abin da zan ce ta yi min.

Wajen ɗaya da rabi ta fito tsakar gida tana leƙen ƙofar waje. Ina wanki. Na shigo daga falo ke nan, na ga agogo da idona, sai na ce mata saura minti ashirin Umma ta dawo, ta zo ta zauna a inuwa.

Ta ce to. Sannan ta wuce ni ta shiga falo ta duba da kanta.